Kafin Ka Damƙa Wa Tafinta Amanar Rijiyoyi 300

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya kira ni a waya, ya ce yana so in leƙo shagonsa da ke Kakuri, ba nisa da tsofaffin masaƙu. Shekara shida ke nan da ya bar hannuna. Bai zauna jiran aikin gwamnati ba. Ya kama shago, ya ɗauki yara uku, suna haɗa wata 'yar na'ura mai kula da famfon rijiyar burtsatse. Idan tanki ya cika ta kashe famfo, idan ruwa ya yi ƙasa ta kunna, idan rijiya ta janye ta tsayar da injin kafin ya ƙone. Ya sayar da 'yan gommai a bara, mutane sun yaba. Yanzu wani ɗan kwangila mai haƙa rijiyoyi ya ba shi odar guda 300, waɗanda za a kafa a Barnawa da Narayi da Sabon Tasha da Gonin Gora, har zuwa ƙauyukan Chikun da Kajuru.

Bayan mun gaisa ya ɗora mini wani abu baƙi a tafin hannu, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce, "Malam, wannan ƙwaƙwalwar kuɗinta bai kai sulusin wadda nake amfani da ita ba. Na gwada ta, tana aiki. Abin da ban sani ba shi ne ko tafintanta ya nuna. In zuba ta a cikin guda 300 ɗin nan, ko in haƙura?"

Na ce masa, "Injiniya, wannan ba tambayar tsaye ba ce. Samo mini kujera."

Na ga ya dace in kawo zancen a wannan fili, domin tambayar ta fi ƙarfin shago ɗaya. Amma bari in fara da warware kalmomin, saboda mai karatun da ba wannan ne fagensa ba.

Ƙwaƙwalwar da yake magana a kai ita ce abin da masu fannin ke kira maikurokwanturola: kwamfuta cikakkiya da aka dunƙule a cikin ƙwaya ɗaya, wadda ba ta da allo, ba ta da madannai, aiki ɗaya aka ɗora mata har ta mutu. Akwai ta a cikin mitar wutar da ke bangon gidanka, da injin inbata, da rimot ɗin talabijin, da na'urar POS da ke hannun yaron bakin titi. Wadda ɗalibanmu suka fi sani ita ce ATmega328P da ke kan allon Arduino Uno. Shi Arduino an fara shi ne a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005. Ma'ajiyar manhajar wannan ƙwaƙwalwa kilobait 32 ce kacal, wurin lissafinta kuma kilobait 2. Hoto ɗaya na wayarka ya ninka haka sau da yawa.

Ita wannan ƙwaya ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, ba ta ma jin harshen C da injiniya ke rubuta mata umarni da shi. Lambobi kawai take ji. Saboda haka tsakanin injiniya da ƙwaƙwalwa akwai wata manhaja mai juya rubutunsa zuwa lambobin da take ganewa. Masu sana'ar suna ce mata kwamfaila. Ni a aji tafinta nake kiran ta. Shi kuma tafintan ba shi kaɗai yake tafe ba. Akwai mai harhaɗa guntayen fassarar wuri ɗaya, akwai taskar ƙananan ayyuka da aka riga aka rubuta, akwai mai ɗura manhajar a cikin ƙwaya, akwai kuma mai leƙa cikinta idan abu ya cije. Sarƙa ce guda, kuma duk zoben da ya tsinke a cikinta, aiki ya tsaya.

Dattawanmu suna ba da labarin tafintocin zamanin Turawa. Talaka ya faɗi maganarsa a gaban Joji, tafinta ya juya ta, hukunci ya fito a kan abin da tafinta ya faɗa, ba abin da talaka ya nufa ba. Shi talaka ba ya jin Turanci balle ya gane inda aka karkace. Haka injiniya yake a gaban wannan tafinta: kaɗan ne daga cikinmu ke zama su karanta lambobin da ya fitar. Amana ce tsagwaronta.

Me ya sa ɗalibina ke son canji? Dalilinsa ba na son zuciya ba ne. Daga 2020 zuwa 2022 duniya ta shiga ƙarancin waɗannan ƙwayoyi, har manyan kamfanonin motoci suka riƙa tsayar da aiki. Masu ƙananan shaguna irin nasa sun ga ƙwaƙwalwar da suka saba da ita ta ɓace a kasuwa, ko ta dawo da tsada, ko ta zo jabu. Kafin a farfaɗo, sai darajar naira ta zube bayan an sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023. A daidai wannan lokaci ne ƙwayoyi masu arha na tsarin RISC-V suka fara yawaita. Wannan tsari an fara shi ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, kuma kowa na iya ƙera ƙwaƙwalwa a kansa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Ga mai haɗa guda 300, bambancin farashi shi ne albashin yaransa na wata da watanni.

To, shin tafinta yana kuskure kuwa? Yana yi. A 2008 wasu masana biyu na Jami'ar Utah a Amurka, Eric Eide da John Regehr, sun gwada tafintocin harshen C guda 13 waɗanda ake aiki da su a masana'antu, suka samu kowanne da wurin da yake fassara ba daidai ba. A 2011 Regehr da abokan aikinsa suka bayyana wata manhaja mai suna Csmith, wadda ke ƙirƙiro rubutu barkatai tana miƙa wa tafintoci daban-daban tana kwatanta amsoshinsu. Ta wannan hanya suka tono kurakurai sama da 325, har da na GCC, tafintan da Richard Stallman ya fitar tun 1987, wanda ya fi kowane yaɗuwa a wannan fage. Shi ya sa a Faransa Xavier Leroy ya jagoranci gina CompCert, tafintan da aka tabbatar da ingancin fassararsa ta hanyar hujjar lissafi, domin ayyukan da kuskure a cikinsu ke nufin asarar rai. Idan tsohon hannu irin GCC yana tuntuɓe, sabon shiga ba abin da za a rufe ido a bi ba ne.

Sai dai akwai wata gaskiyar da ba ma son ji: mafi yawan abin da muke ɗora wa tafinta, laifinmu ne. Na ga wannan da idona a shagon nan. Muka haɗa sabuwar ƙwaƙwalwar da ƙaramin famfo da bokiti biyu. Da farko komai lafiya. Amma ma'ajiyarta ƙarama ce, manhajar kuma ta kusa cika ta, don haka dole a umarci tafinta ya matse fassarar. Da aka matse, aka sake ɗurawa, sai bokitin ƙasa ya ƙafe, famfo kuwa ya ci gaba da gurnani a bushe. Da a rijiya ne, da injin mutum ya tafi.

Ɗalibina ya buga tebur ya ce, "Ka gani ko, Malam? Tafintan ne!"

Muka shafe kusan awa biyu muna bin sawu. Ashe a cikin rubutunsa akwai wata alama da ke canzawa idan na'urar auna ruwa ta yi motsi, amma bai gaya wa tafinta cewa alamar tana iya canzawa daga waje ba. Kalma ɗaya ce ta harshen C, volatile, ya manta da ita. Tafinta ya duba ya ga babu inda rubutun ke taɓa alamar a wannan zagaye, sai ya yanke cewa sake duba ta ɓata wuri ne, ya daina. Bisa ƙa'idar harshen, bai yi laifi ba. Tsohon tafintansa ma da haka zai yi, da an taɓa umartar sa ya matse sosai. Wato kuskuren yana kwance a cikin duk na'urorin da ya sayar a bara, sa'a ce kawai ta rufa masa asiri. Abin mamaki, a kan wannan kalma ɗin ce binciken 2008 ya kama tafintoci 13 da laifi. Wuri ɗaya ne, wani lokaci tafinta ke faɗuwa, wani lokaci injiniya. Wanda bai bincika ba ba zai san wa ya faɗi ba.

Abu na biyu da na gano ya fi tayar mini da hankali. Na tambaye shi da wane zubi na tafinta ya haɗa na'urorin bara. Ya yi shiru. Kwamfutarsa tana ɗauke da zubi ɗaya, ta babban yaronsa tana da wani, kuma kowace tana sabunta kanta idan ta samu intanet. Muka ba su rubutu iri ɗaya, suka fitar da manhaja biyu masu girma daban. Idan gobe wata na'ura ta ba da matsala a Kajuru, ba shi da hanyar sake haɗa ainihin abin da ke cikinta balle ya gano cutar.

A nan na ce masa tambayarsa ce ke buƙatar gyara. Babu tafintan da ya nuna ga kowane aiki. Abin tambaya shi ne: wannan zubi, da wannan ƙwaƙwalwa, da wannan rubutu naka, sun isa a ba su amanar wannan aiki? Kuma idan sun gaza, wa zai biya? Sai muka ɗauki takarda muka bi abin ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, su wa suka riga ka bin hanyar? Ba sunan tafinta ake dubawa ba, reshensa da ya shafi ƙwaƙwalwarka ake dubawa. Tafinta ɗaya yakan ƙware a wani dangin ƙwayoyi, ya zama ɗan koyo a wani. SDCC misali ne: ya daɗe yana hidima ga dangin 8051, amma masu kula da shi da kansu sun bayyana cewa ɓangarensa na ƙwayoyin PIC bai kammala ba. Irin wannan faɗin gaskiya alama ce ta kirki. Tafintan da ke da jerin kurakuransa a fili, ana kai ƙorafi ana gyarawa, ya fi wanda ba a taɓa jin aibinsa ba. Rashin jin aibi sau da yawa yana nufin ba a yi amfani da shi sosai ba ne.

Na biyu, za ka iya daskarar da shi? Duk zubin da ka gwada ka yarda da shi, ka adana shi tare da taskarsa da duk umarnin da kake ba shi, a wuri biyu ko uku, ka rubuta lambarsa a littafin shago, ka hana kwamfutar aiki sabunta kanta. Sabon zubi sabon tafinta ne, sai ya sake cin jarrabawa daga farko. A nan ne nake jan kunnen ɗalibaina game da tafintocin kuɗi da ake fasa makullinsu ana rabawa a filashi. Ban da haramcin abin, ba ka san abin da aka taɓa a cikinsa ba, ba ka da wanda za ka kai wa kuka. Tun a 1984 Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya nuna cewa ana iya ɓoye mugun abu a cikin tafinta ta yadda ba za a gan shi a rubutun kowa ba.

Na uku, an gwada shi a ƙasarmu ko a kan tebur? Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ɗaki mai fanka ba gwaji ba ne. Na'urar nan za ta zauna a cikin akwatin ƙarfe a zafin Maris da Afrilu, ta sha ƙurar hunturu, ta ji tsawar damina. Wuta za ta ɗauke ta dawo sau goma a yini, wani lokaci ta zo rabi-rabi, wani lokaci janareta ya karɓa da tangal-tangal. Yawancin abin kunya yana faruwa ne a cikin daƙiƙar da wuta ke faɗuwa ko tashi, lokacin da ƙwaƙwalwa ba ta mutu ba kuma ba ta farka ba. Wannan yanki kuwa yana hannun guntun rubutun farawa da taskar da suka zo tare da tafinta, waɗanda injiniya bai rubuta ba kuma da wuya ya karanta.

Na huɗu, lokaci. Akwai cutar da ba ta bayyana sai an daɗe. Agogon cikin Arduino yana ƙirga dubu a kowace daƙiƙa, kuma ma'ajinsa yana cika ya koma sifili bayan kwana 49 da 'yan awoyi. Rubutun da bai yi tanadin haka ba zai yi lafiya wata ɗaya da rabi, sannan ya rikice. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke kula da wutar jirgin Boeing 787 suna iya kashe kansu idan suka kwana 248 a kunne ba hutawa. Mu ma mun ɗanɗana namu. A da, lambobin katin mitocin wuta suna ƙirga mintoci ne tun daga 1 ga Janairun 1993, a ma'ajin da ba ya wuce 16,777,216, wanda ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Shi ya sa kamfanonin rarraba wuta suka sa kowa ya danna wasu lambobi na musamman a mitarsa kafin wannan rana. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake laifin tafinta. Na kawo su ne don a ga cewa abin da aka ɗura a ƙwaya yau yana iya rayuwa shekara talatin, kuma gwajin mako ɗaya ba ya ba da shaida a kan shekara.

Na biyar, idan ta gaza fa? Manhajar waya ana gyara ta da daddare mai ita yana barci. Wannan na'ura ba ta da intanet. Gyara yana nufin yaro ya hau babur ya je Kajuru da sukundireba, sau 300 idan cutar ta gama-gari ce. Muka lissafa kuɗin mai da na aiki, muka ɗora kuɗin famfo biyar kawai da za a ce ya biya idan sun ƙone. Ribar da sabuwar ƙwaƙwalwar za ta kawo ta narke, har ta ci uwar kuɗi. Wannan bai haɗa da sunansa ba, wanda ba ya sayuwa a kasuwa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Kada mai karatu ya ɗauka ina wa'azin a manne wa tsoho ne. Tsufa ba shaida ba ce. Rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ranar 4 ga Yunin 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an ɗauko manhajar da ta yi shekaru tana aiki lafiya a Ariane 4 aka saka ta a yanayin da ba a gwada ta ba. Kuma idan kowa ya ce sai wani ya fara, za mu dawwama muna sayen abin da wasu suka gama gwadawa, a farashin da suka ga dama. Dole wani ya gwada sabo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi gwajin da rijiyar marayu da ta asibitin ƙauye, ba da saninsu ba.

Ga abin da muka tsayar. Guda 300 ɗin za su fita da tsohuwar ƙwaƙwalwa, bayan an gyara kalmar da ya manta, da zubi ɗaya na tafinta wanda aka daskarar aka rubuta lambarsa. Za a kunna mai gadin da ke cikin ƙwayar, wanda ke sake tayar da ita idan ta sandare, a kuma tsara ta yadda duk lokacin da ta rikice famfo zai mutu ne, ba ya ci gaba da gudu ba. Na'urorin bara zai bi su ɗaya-ɗaya ya sake ɗura musu gyararriyar manhaja kyauta. Sabuwar ƙwaƙwalwar kuma zai haɗa guda 20 da ita, ya kafa a gidansa da na 'yan'uwa da abokai waɗanda aka gaya musu gwaji ne, su ga zafi su ga damina su ga hunturu. Na karɓi ɗaya. Tana kan tankin gidana a Barnawa yanzu haka. Idan shekara ta zagayo ba su ba da kunya ba, oda ta gaba tasu ce.

Bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce, "Malam, wani zai zo ya zuba mai arhar ya karya farashi, ya ƙwace mini kasuwa." Na ce masa hakan na iya faruwa, ba ni da tabbacin da zan ba shi a kan kasuwa. Tabbacin da nake da shi shi ne, a yau ba shi da shaidar da zai kare kansa da ita idan famfon mutane ya ƙone, kuma nan da shekara ɗaya zai samu.

Da na fito na bi ta gaban gine-ginen masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002. A wannan unguwa aka kafa masana'antar kayan tsaro ta DICON a 1964, a nan Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Iyayenmu da suka yi aiki a waɗannan wurare sun san cewa tsakanin saƙa yadi ɗaya mai kyau da saƙa dubu iri ɗaya akwai tazara, kuma sashen duba inganci ne ke cike ta. Da masaƙu suka rufe, ba ayyuka kaɗai muka rasa ba, har da wannan tarbiyya.

Mu malaman jami'a muna da kaso a cikin laifin. Aikin kammala digiri a wurinmu yakan ƙare ne da minti goma a gaban masu jarrabawa: fitila ta kama, injin ya juya, a tafa, a ba da maki. Ban tuna ranar da na tambayi ɗalibi zubin tafintan da ya yi aiki da shi ba, ko na ce ya bar na'urarsa a kunne wata biyu ya kawo mini littafin abin da ya gani. Ɗalibina bai manta wannan darasi ba ne. Ba mu koya masa ba. Daga zangon karatu mai zuwa, duk wanda ke ƙarƙashin kulawata sai ya rubuta zubin kayan aikinsa a shafin farko, sai kuma na'urarsa ta kwana 60 a kunne kafin in sa hannu. Ina roƙon abokan aikina a Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello su duba ko wannan zai yiwu a sassansu. Ba ya buƙatar kasafin kuɗi, soket ɗaya da littafi ɗaya sun isa.

Game da wadda ke kan tankina kuwa, zan sanar da masu karatu halin da take ciki bayan damina. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.